A Auna Kaya Kafin A Zaɓi Jaki

Bafataken da zai tashi daga Toranke ta ƙasar Ajingi zuwa kasuwar Wudil a zamanin da, ba ya taya jaki sai ya san nauyin mangalar da zai aza masa da irin hanyar da za su bi. Haka Bafillatanin da ke ƙaura da iyalinsa, ya san takarkarin da zai iya ɗaukar kayan bukka da ƙore ba tare da ya durƙushe ba. Wannan ilmi, wanda mai jaki ya sani tun yana yaro, shi ne yakan ɓace a ofisoshin gwamnati duk ranar da aka zauna sayen motar da za ta ja asibiti ko aji ko ɗakin kwanan ma'aikata na tafi-da-gidanka.

Kai aikin hukuma ƙauye a kan taya ba baƙon abu ba ne a Arewa. Dattawa ba su manta motar majigi ba. Shirin kiwon lafiya na tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya tanadi motocin asibiti, a 1989 kuma aka kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, wadda ta gwada ajujuwan da ake naɗewa a bi makiyaya da su. Dalilin duka ɗaya ne, wato ma'aikacin da ya kwana a birnin Kano, ya bi ta Wudil da Gaya, ba zai isa rugagen da ke bayan Toranke ba sai rana ta take, kafin la'asar kuma hankalinsa ya koma gida. A Ingila da Amurka mutane kan ja irin wannan ɗaki don yawon hutu. A nan amfaninsa ya wuce haka nesa: shi ne zai sa malamin asibiti ya kwana bakwai cikin mutanen da aka ɗauke shi aiki dominsu. Ɗakin ja kuwa ya fi wanda aka gina a jikin mota, domin ana iya kwance shi a bar shi gindin tsamiya ana aiki, motar ta ruga da mai naƙuda babban asibitin Gaya.

To, amma fa amfanin nan duk ya rataya ga motar da ke gaba. Abu na farko shi ne nauyi, kuma nauyin da ke rubuce a takardar dillali na tirela ce fanko. A ɗauka, a misali, ɗakin ya kai kilo 1,200. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka duro biyu masu cin lita 200 sun ƙara kilo 400. In aka haɗa janareta da mansa da firjin allura da magunguna da abinci, nan da nan an kai kilo 2,000. Ƙungiyoyin masu jan irin waɗannan ɗakuna a Ingila kan shawarci sabon shiga kada tirelarsa ta wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motarsa. Bisa wannan ma'auni, kilo 2,000 na bukatar motar da ta kai kilo 2,350. Peugeot 504, wadda ma'aikata suka saba da ita bayan buɗe kamfanin haɗa motoci na Kaduna a 1975, ba ta kai kilo 1,500 ba, haka ma yawancin ƙananan motocin ofis na yau. Tirelar da ta fi motarta nauyi, a gangare ita ke tuƙa direba.

Na biyu shi ne birki da injin. Dokar ƙasashen Turai ba ta yarda a ja tirelar da ta wuce kilo 750 ba sai tana da birkin kanta, kuma babu dalilin da zai sa ran ma'aikacin Ajingi ya fi na Bature araha. Injin kuwa, wanda ke da ƙarfin ja a ƙaramar giya ake nema, domin gudu ba shi da amfani a turbar shanu. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, ƙaramin lagireto zai tafasa, kuloci ya ƙone tun ba a je ko'ina ba.

Na uku ita ce hanya. Da zarar an sauka daga kwalta, da rani rairayi ne, da damina taɓo da kwazazzabo. Sai motar da injinta ke juya ƙafafu huɗu duka, mai tudun ciki, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux. Wanda ya raina wannan ya tuna cewa yawancin alluran rigakafi ana adana su ne tsakanin digiri 2 da 8. Mota ta kafe a yashi, man janareta ya ƙare, shi ke nan allurar yaran ƙauye uku ta lalace, iyayen da suka bar gona suka yi layi kuwa da wuya su sake fitowa.

Na huɗu shi ne bakanike. Motar da sai an kira injiniya da kwamfuta daga Legas kafin a gane ciwonta, ba motar rangadi ba ce. Ta kirki ita ce wadda bakaniken Gaya ya san cikinta, kayan gyaranta kuma ana samunsu a Kano yau a ɗaura gobe. Harabar ma'aikatu da yawa ta sha zama maƙabartar motoci masu tsada da suka mutu saboda ƙarfe ɗaya.

Wasu za su ce irin wannan mota ta yi tsada, baitulmali ba zai iya ba. Gaskiya ne tana da tsada. Amma ƙaramar motar da za ta ƙone a shekara guda, ta bar tirela tana tsatsa kaji na kwana ƙarƙashinta, ta fi ta tsada ninki biyu. In kuɗin bai isa ba, gara a rage girman ɗakin da yawan kayansa. Sau da yawa ma tsada ba ita ce matsalar ba: ana sayen mota mai ƙarfi, sai ta zarce gidan babban jami'i, a bar wa masu rangadi kwarababbiya.

Saboda haka ya kamata duk ma'aikacin da takardar saye ta biyo ta teburinsa ya ƙi sa hannu sai an ɗora tirelar a sikeli da kayanta cif, an bi hanyar a watan Agusta an gani, an kuma ji ta bakin direban da zai yi tuƙin. Ɗaliban da ke karatun aikin lafiya da malanta da aikin gona su ma su lura, domin gobe su ne za su kwana a ɗakin nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.