Taƙaddamar ƙa'idojin dambe a yankin Faru da Talata Mafara

Taƙaddamar ƙa'idojin dambe muhawara ce da ke gudana tsakanin 'yan kallo, 'yan dambe, makaɗa da masu shirya gasa a ƙasar Hausa. Ta fi karkata ga abubuwa uku: wane bugu ne halattacce, ina iyakar ramuwa, kuma wa ya cancanci a kira shi gwani. Muhawarar tana da nauyi a yammacin Jihar Zamfara, wato Faru da ke ƙaramar hukumar Maradun da maƙwabtanta Talata Mafara da Bakura, domin yanki ne da ya daɗe da suna a wasan. Tushen saɓanin guda ɗaya ne: dambe ya tashi daga filin ƙauye ya koma gidan wasa da allon waya, amma ba a gama daidaitawa kan wanda ke da ikon yanke hukunci ba.

Asali

Dambe wasa ne da aka fi sanin mahauta da shi tun da can. Lokacinsa kaka ne, bayan an kawar da amfanin gona, sa'ad da 'yan dambe kan bi gari gari tare da makaɗan kalangu. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, shi ne na bugu, ɗayan kuma ya buɗe shi a gaba a matsayin garkuwa. Akan yi turmi uku. Idan hannu ko gwiwar mutum ta taɓa ƙasa sakamakon bugu, an yi kisa, wasa ya ƙare. Idan aka cinye turmin uku kowa na tsaye, sai a tashi babu kisa.

Da wannan yanki ake danganta Shago, ɗan damben da makaɗin maza Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa waƙa, musamman kan karawarsa da Ɗandunawa. Har yau 'yan dambe na amsa sunan shagon wane, wato yaron da ya taso a hannun wani babba. Faru kuma mahaifar Sa'idu Faru ce, makaɗin fada. Ke nan mutanen yankin sun saba da al'adar da bakin makaɗi ke ɗaukaka suna ya kuma adana shi.

Halattaccen bugu

An daɗe da daidaitawa kan wasu abubuwa. An hana riƙe mazagi a cikin naɗi, an hana sanya garin kwalba a kan zare, an kuma daina ɗaura akayau na ƙarfe a ƙafa. Ba a bugun wanda ya riga ya faɗi. Sauran batutuwan ne ke ta da ƙura a bakin fili.

Na farko shi ne bambanci tsakanin kisa da faɗuwa. Fili rairayi ne, mutum na iya zamewa, ko abokin karawa ya ture shi da kafaɗa bayan bugun bai same shi sosai ba. Magoya bayan wanda ke tsaye za su ce ƙasa ta shaida, na wanda ya faɗi su ce turi ba bugu ba ne. Na biyu shi ne aikin hannun garkuwa. Al'ada ta yarda a tare da shi, a kuma auna nisa, amma akwai masu damƙe wuya ko hannun abokin karawa su riƙe shi sannan su kai bugu. Wasu na ganin dabara ce, wasu na ganin an shigo da kokawa cikin dambe. Na uku shi ne shuri. Ana kai bugu da ƙafa a dambe, sai dai akwai 'yan kallon da ba sa ba kisan ƙafa darajar kisan hannu. Na huɗu, wanda ya fi haddasa rigima, shi ne bugun da ya sauka daidai lokacin da alƙalin wasa ya busa usur ko ya shiga tsakani.

A da, hukunci yakan ƙare a fili, dattawan wasa su faɗi abin da suka gani a watse. Yanzu kowace karawa tana cikin wayar wani. Akan sake kallon bidiyon a hankali a Facebook, YouTube da TikTok, hukuncin da alƙali ya yanke cikin daƙiƙa guda ya zama abin musu na kwanaki.

Ramuwa

Ramuwa tana cikin ginin dambe. 'Yan wasa sun kasu ɓangarori, irin su Kudu, Arewa, Guramaɗa da Jamus, kuma kisan ɗan wani ɓangare bashi ne a kan ɓangaren da ya yi kisan. Idan aka buge shago, akan sa ido a ga ko maigidansa ko wani ɗan gidansu zai fito neman fansa. Irin wannan ramuwar halattacciya ce: a fili ake yin ta, a gaban alƙali, bayan an nemi mutum ya amince. Ita ce ma ke cika gidan dambe.

Wadda ake taƙaddama a kai ita ce ramuwar nan take: wanda ya ga an yi masa bugun bayan usur ya mayar da nasa, ko magoya baya su kutsa cikin fili. Masu kare ta na cewa idan alƙali bai hukunta mai keta ba, tsoron ramuwa ne kaɗai zai tsare shi. Masu suka na cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma bugun da ya sami mutum bayan ya sauke garkuwa shi ne mafi haɗari, tunda ba a sa hular kariya kuma kai ake nema. Akwai kuma batun ɗan damben da aka sumar, amma neman fansa da na abinci su mayar da shi fili kafin ya warke.

Zaɓen gwanaye

Dambe bai taso da littafin ƙididdiga ba. Gwani shi ne wanda ya buge manya, makaɗi ya yi masa take, jama'a suka riƙe kirarinsa. Shi ya sa jerin gwanaye ke bambanta daga gari zuwa gari, kowane ɓangare da nasa. Kwatanta 'yan yau da Shago ma ya kan tsaya a baka, domin abin da ya rage na zamaninsa waƙa ce da labarin waɗanda suka gani.

Sabbin ma'aunai sun shigo. Tashar Dambe Warriors, wadda ta fara a YouTube a 2017, da kamfanin African Warriors Fighting Championship sun kai wasan ga masu kallo a ƙasashen waje. Dambe na cikin wasannin gargajiya da ake yi a Bikin Wasanni na Ƙasa, inda ake raba 'yan wasa bisa nauyi. Masu son tsarin na cewa yana kare ƙarami daga babba, yana kuma samar da zakaran da ba a musu a kansa. Masu ra'ayin gargajiya na cewa daɗin dambe shi ne siriri ya kayar da ƙato, kuma yawan masu kallon bidiyo ba ya nuna ƙarfin hannu.

Halin tsaro

Matsalar 'yan bindiga ta shafi Maradun, Bakura da Talata Mafara. A Satumban 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a jihar. Wasan da ya dogara ga taron jama'a da tafiya tsakanin ƙauyuka ba ya sakewa a irin wannan hali. Manyan karawa sun fi gudana a birane, kamar gidan damben Ado Bayero Square a Kano da na Dei-Dei a Abuja. Sakamakon haka, ƙa'idar da ɗan yankin zai bi da sunan da zai yi sun fi dogara ga masu gidajen wasa na nesa fiye da dattawan garinsu.

Kwatanci da hokin ƙanƙara

Irin wannan muhawara ta daɗe a gasar hokin ƙanƙara ta NHL a Amurka da Kanada, inda bangaza halal ce, faɗa kuma hukuncinsa fitar minti biyar. A Maris 2004 Todd Bertuzzi na Vancouver ya naushi Steve Moore na Colorado ta baya, don rama bangazar da Moore ya yi wa kyaftin ɗinsu wadda alƙalai ba su hukunta ba. Moore ya karye a wuya, bai sake buga gasar ba. A 2010 aka kafa dokar hana bangazar da ke nufin kai. A 2016 kuma 'yan kallo suka zaɓi John Scott, wanda aka fi sani da faɗa, ya shiga wasan gwanaye, har ya zama gwarzon wasan.

Bambancin shi ne NHL hukuma ɗaya ce mai littafin doka ɗaya da ikon dakatar da ɗan wasa. A dambe kowane gida da kowace gasa na da tsarinsu, kuma wanda aka hana wasa a wani gari na iya ɗaura zare a wani garin mako mai zuwa.