Kurege Da Wasiƙun Banza

A tatsuniyoyinmu an san kurege da wayo, amma na Amurka sun fi namu ɓarna. A shekarar 1987 wani kurege ya hau wayar lantarki, wuta ta ɗauke, kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta tsaya cik fiye da awa guda. A 1994 kuma wani ya sake. Abin dariya ne, amma attajiran kasuwar ba su dara ba.

Ni a ganina, wasiƙun banza da ke cika mana akwatin imel 'yan'uwan kurege ne, ga ƙanƙanta, ga naci, ga ɓarna. Wata ta ce ka ci kyautar miliyoyi, wata ta ce bankinka yana neman lambar sirrinka. Banki kuwa ba ya tambayar wannan lamba ta wasiƙa.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, kada mu mayar musu da amsa, domin amsar ce ke shaida wa mayaudara akwai mutum a gidan. Kada mu latsa abin da suka liƙo ciki, mu share kawai. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Manomi ba ya hira da kurege a gonar gyaɗa.