Kafin a saka wa Kaka kyamara a ɗaki, a fara duba tayil ɗin ƙasa

Duk shekara kamfanonin fasaha na fito da sabbin na'urori da sunan kula da tsofaffi masu cutar mantuwa: agogon hannu mai nuna inda mutum yake, kyamara mai gane faɗuwa, har da PARO na Japan, mutum-mutumi mai laushi da ke motsi idan an shafa shi. Suna da amfaninsu. Matsalar ita ce ɗokinsu ya sa ana tsallake abin da ya fi su tasiri kuma ya fi araha, wato tsarin ɗakin da tsohon yake kwana yake tashi a ciki. Kyamara sai Kaka ta faɗi take ba da labari. Daɓen da ya kayar da ita kuwa yana nan.

Cutar mantuwa, wadda a gida ake cewa gigin tsufa, tana taɓa har yadda ƙwaƙwalwa ke fassara abin da ido ya gani. Baƙin abin goge ƙafa a bakin ƙofa kan zame wa mai cutar rami, sai ya toge, a ce taurin kai ne. Daɓe mai sheƙi yakan gan shi kamar an zubar da ruwa. Madubi kan nuna masa baƙo tsaye a banɗaki, ya fasa shiga. Farar masai a tsakiyar farin tayil kuwa ɓacewa take yi, daga nan a fara sayo masa kunzugun manya alhali murfin masai mai launi ne ya rasa. Cibiyar DSDC ta Jami'ar Stirling a Scotland, wadda aka kafa a 1989, ta daɗe tana koyar da masu zanen gini wannan: abin da ake so tsoho ya gani a ba shi launin da ya bambanta da bango, ƙofar da ba a so ya bi a shafe ta da launin bangon. Masu bincike a Jami'ar Boston sun ruwaito a 2004 cewa masu cutar Alzheimer da aka zuba wa abinci a jan faranti sun ci kusan kashi 25 cikin 100 fiye da a fari. Farantin roba ne kawai, babu caji babu data.

Misalin da aka fi ambata shi ne Hogeweyk a garin Weesp kusa da Amsterdam, ƙasar Holan, da aka buɗe a 2009. An gina shi kamar unguwa, da tituna, kanti, gidan abinci da ɗakin wasan kwaikwayo. Mutum shida ko bakwai ne a kowane gida, an zuba kayan ɗaki irin waɗanda suka saba da su, ma'aikata kuma ba sa saka kayan asibiti. Masu suka na cewa yaudara ce aka yi wa ado, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin ƙasashe. Batun tsada gaskiya ne. Batun yaudara ya fi dacewa da tashar bas ta bogi da wani gidan tsofaffi ya kafa a Düsseldorf ta Jamus, inda mai neman tafiya gida zai zauna jiran motar da ba za ta zo ba. A Hogeweyk kantin na gaske ne, abincin da aka ɗauko shi ake dafawa.

Inda na'ura ta fi cancanta shi ne haske. Idon ɗan shekara 60 na buƙatar haske kusan ninki uku na ɗan shekara 20. Fitilar LED mai kunna kanta idan ta ji motsi, a jera ta daga gado zuwa banɗaki, ta fi agogon dubban naira hana faɗuwar dare. Akwai kuma fitilu masu yin fari da safe su koma ruwan ɗorawa da yamma, lokacin da masu cutar suka fi rikicewa. Tovertafel na Holan ma ya fahimci abin: daga silin yake haska wasa a kan tebur, babu maɓallin da za a koya. Sabanin haka, lasifika mai magana ba tare da an ga mai maganar ba na iya firgita tsohuwa, famfo mai zuba da kansa kuma ba ta gane shi a matsayin famfo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da cutar, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu. A ƙasar Hausa galibi a gida ake riƙe tsofaffi, don haka ɗan da ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye zuwa sabon gidansa na birni shi ne mai tsara ɗakin, ko bai sani ba. Yawanci yakan ba ta ɗaki mafi kyau: tayil mai walƙiya, wadirof mai madubi, banɗaki fari fat. A bar mata gadonta, butarta da kwallayenta inda za ta gan su, a rufe madubin, a saka fitila mai caji da za ta kama da kanta idan an ɗauke wuta. Kyamara a ɗakin da uwa take sauya kaya kuwa, a nemi yardarta tun tana iya bayarwa.