Yamai ko Maraɗi: ina albashi yake isa?

Tun da aka maida babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, can ma'aikaci mai neman ci gaba yake dosa. Amma kuɗin haya a Yamai kan cinye albashin ƙaramin ma'aikaci tun wata bai raba ba. Don haka wasu magidanta ke roƙon a tura su Maraɗi, inda gero yake kusa da gona, ga jami'a tun 2010.

Sai dai arahar Maraɗi a kan iyakar Najeriya take rataye. Da aka rufe ta a 2019, aka kuma a 2023, kaya sun yi tsada, ciniki ya tsaya. Damagaram kuwa haya da sauƙi, amma da bazara mai iyali sai ya ware kuɗin ƴan garuwa.