Giram Shi Ne Mudun Kanti

Jama'a, a kasuwar Bodija da wuya a cuci Bahaushe a awo, domin mun san mudu, mun san kongo. Amma da mun shiga babban kanti muka ga jan rubutu na ragi, sai mu ɗauka ba tambaya, wai kada a ce baƙo bai waye ba.

Na ba ɗalibaina na yaƙi da jahilci wannan lissafi. A ce madara mai giram 400 naira 4,000 ce, mai giram 900 kuma, wadda aka manna wa takardar garaɓasa, naira 9,900. Kusan kowa ya zaɓi babbar. To, giram 100 na ƙaramar naira 1,000 ne, na babbar 1,100. Ina garaɓasar? Da ƙananan baƙaƙe ake rubuta giram ɗin, sai an sunkuya.

Sannan a duba rasit. Dokar kare masu saye ta 2018 ta hana karɓar fiye da farashin da aka liƙa a kanta, kuma a 2024 hukumar FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja kan haka. Wannan doka ba ruwanta da takardar ɗan asalin jiha. In kuɗi ya bambanta, a nemi manaja cikin ladabi kafin a bar wurin.