Gajiyar kasuwa ba motsa jiki ba ce: mu koyi awon bugun zuciya



Duk wanda ya shiga kasuwar Dole a Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako a Yamai da marece, ya tambayi mai rumfa yaya jiki, amsa ɗaya zai ji: gajiya. Kuma ba ƙarya ba ne. Tun hantsi ana ciniki, ana gardamar farashi, ana bin bashi, rana na duka. Shi ya sa idan likita ya ce wa Alhaji ko Hajiya a riƙa motsa jiki, sai a yi murmushi a ce: wane motsi kuma ya wuce wanda nake yi a kasuwa?

A nan ne muke ganin akwai kuskure babba, kuma kuskuren yana cin mutane. Wuni guda a zaune kan tabarma ko bayan kanta yana gajiyar da baya da ƙafa da kai, amma zuciya ba ta yi wani aikin da zai ƙara mata ƙarfi ba. An zo kasuwa a kan kabu-kabu, an koma gida a kansa. An aiki yaro ya sawo masa, an aike shi ya ɗauko kaya. Shekara biyar, shekara goma, sai tumbi ya fito, numfashi ya yi nauyi, gwiwa ta fara ƙara. Mutane su ce arziki ne ya zauna. Wata rana sai a ji an ce wane ya faɗi a rumfa, ɓarin jikinsa ya shanye. Rumfa ta rufe, jari ya tafi a magani, yara su bar lakwal. Kowannenmu ya san gida guda aƙalla da hakan ta faru.

Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum 1 cikin manya 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ita dai wannan ƙungiya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Tambayar da masu saurare suka fi yi mana idan muka taɓo wannan batu a rediyo ita ce: ta yaya mutum zai san motsin da yake yi ya kai matsakaici? Amsar tana wuyan hannunka.

Ɗan kasuwa ba ya sayar da hatsi da ka, sai ya sa tiya. Mai atamfa ba ta yanka sai ta auna. To zuciya ma tana da awonta, shi ne yawan bugawar da take yi a minti guda. Babban mutum mai lafiya, idan yana zaune a huce, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Da ya fara tafiya da sauri, tsokoki sai su nemi ƙarin jini, bugun ya hau. Akwai kuma iyakar da ba ta iya wucewa, iyakar nan tana raguwa da shekaru. Lissafin da aka fi sani mai sauƙi ne: a cire shekarunka daga 220. Mai shekara 40, iyakarsa 180 ke nan. Mai shekara 50, 170.

Ba a ce ka kai wannan iyaka ba. Ita rufin ɗaki ce, ba wurin zama ba. Abin da likitocin zuciya suke ba da shawara shi ne, matsakaicin motsa jiki ya tsaya tsakanin kashi 50 da kashi 70 cikin 100 na iyakar, mai tsanani kuma tsakanin kashi 70 da kashi 85. Ga yadda lissafin yake fita:

Mai shekara 30: matsakaici daga 95 zuwa 133 a minti, kada ya wuce 162.
Mai shekara 40: daga 90 zuwa 126, kada ya wuce 153.
Mai shekara 50: daga 85 zuwa 119, kada ya wuce 145.
Mai shekara 60: daga 80 zuwa 112, kada ya wuce 136.

Mun san da yawa daga cikinmu takardar haihuwarsu cewa ta yi an haife su wajejen shekara kaza. Wannan ba matsala ba ne. Kuskuren shekara 5 ba ya canja lissafin da fiye da bugu 3 ko 4. Shi kansa lissafin ƙiyasi ne, mutum biyu sa'annin juna suna iya bambanta da bugu 10 ko fiye. Jagora ne, ba hukuncin alƙali ba.

Yaya ake ƙidayar? Ba sai ka sayi agogon nan mai tsada da ake ɗaurawa a hannu yana nuna bugun zuciya ba. Ka ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka danna kaɗan har ka ji jijiya tana harbawa. Kada ka sa babban yatsa, don shi ma yana da nasa bugun, zai rikita ka. Ka dubi agogon salularka, ka ƙidaya na sakan 15, ka ninka sau 4. Hajiya mai shekara 40 da ta ƙidaya 28, zuciyarta tana kan 112, ta shiga awo. Idan 20 ta samu, wato 80, yawo take yi, sai ta ƙara sauri. A yi ƙidayar da zarar an tsaya, domin bugun yana sauka nan da nan. Wanda kuma ya saba sarrafa kuɗin ciniki a ka, ninka 28 sau 4 ba zai gagare shi ba.

Ga wanda ƙidayar ta yi wa wuya, akwai awo na biyu da ba ya bukatar agogo: magana. Idan kana tafiya kana iya hira da abokin tafiyarka amma ba ka iya rera waƙa, kana cikin matsakaici. Idan ba ka iya haɗa kalma uku ko huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Idan kuwa kana waƙa kana amsa waya kana dariya, to zuciya ba ta san ka fito ba.

Yanzu mu zo kan rage ƙiba, inda aka fi yaudarar mutane. Ana yawo da wata magana a wayoyi cewa wai akwai wani mataki na bugun zuciya da kitse yake narkewa a cikinsa kaɗai, idan ka wuce shi ka yi aikin banza. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: idan ana tafiya a hankali, kaso mafi yawa na abin da jiki yake ƙonawa daga kitse yake fitowa, idan aka ƙara sauri sai ya fi jan sukari. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa kaso ba shi ne riba ba. Wanda ya ci ribar rabi a cinikin jika 2, jika 1 ya samu. Wanda ya ci kashi 30 cikin 100 a cinikin jika 10, jika 3 ya kai gida. Haka jiki yake. Abin da yake rage kilo shi ne jimillar abin da aka ƙona a mako, a gwada shi da abin da aka ci. Amfanin matsakaicin mataki shi ne mutum yana iya daɗewa a cikinsa, ya kuma dawo gobe da jibi ba tare da ya ji ciwo ba.

Bari mu faɗi gaskiyar da masu tallar maganin rage tumbi ba sa faɗa. Kilo 1 na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7700. Mutum mai kilo 70 da ya yi tafiyar sauri ta minti 30 yana ƙona wajen kalori 150. Idan ya yi haka sau 5 a mako bai canja cimarsa ba, sai ya yi wajen mako 10 kafin kilo guda ya tafi. Lemun kwalba ɗaya kuwa yana ɗauke da wajen kalori 140 da sukarin da ya kai ƙwaya 7. Ke nan wanda ya yi tafiyar asuba, ya zo rumfa ya sha lemu mai sanyi don ya huce, ya mayar da abin da ya fitar. A haɗa da shayi na ɗaya da na biyu da na uku, da fanke, da furar da aka cika wa sukari. Ƙafa ita kaɗai ba ta rage ƙiba sai baki ya taya ta.

Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Ko sikeli bai motsa ba, zuciyar da ake sa wa aiki tana ƙara ƙarfi, hawan jini yana sauka, jiki yana fi iya sarrafa sukari, barci yana daɗi. Alamar farko za ka gan ta a bugun safe: ka ƙidaya shi da ka farka, kafin shayi ko goro, bayan wata biyu ko uku za ka ga ya ragu. Wanda kuma yake da kilo 90 ya rage 5 zuwa 9, likita zai ga bambanci a awon tansiyonsa da na sukarinsa, ko da maƙwabta ba su lura ba.

Haka nan muna jan kunnen masu naɗe ciki da leda ko su sa rigar sanyi su fita gudu da rana don su yi gumi. Gumi ruwa ne, ba kitse ba. Kilon da ya fita ta gumi yana dawowa da moɗa biyu ta ruwa. A ƙasa irin tamu, inda zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan wasa ne da rai. Zafi da ƙishirwa suna ɗaga bugun zuciya ba tare da an yi wani aikin kirki ba. Lokacin fita shi ne bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a hannu. A watan azumi a bari sai an sha ruwa.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su fara ba sai sun ga likita: mai hawan jini, mai ciwon sukari, wanda ya taɓa ciwon zuciya, mai ciki, da mai jego, musamman wadda ƙafafunta suke kumbura ko numfashi yake yi mata wuya idan ta kwanta. Masu shan magungunan tansiyo irin su atenolol, propranolol ko bisoprolol su sani cewa maganin yana rage bugun zuciya, don haka lissafin da muka kawo ba zai yi musu daidai ba. Su yi amfani da awon magana, su kuma tambayi wanda ya rubuta musu maganin. Kowa kuma, ko wane ne shi, idan ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zuciya tana tsalle ba bisa ƙa'ida ba, ya tsaya nan take ya nufi likita. Jiki magayi ne.

Ba da ɗan dako muke ba, ko mai tura baro, ko matar da take takowa daga ƙauye da kaya a ka. Su zuciyarsu tana samun rabonta na aiki har ya yi yawa. Muna magana ne da wanda Allah ya ɗaga, ya samu rumfa da yaran aike da abin hawa. Shi ne ya kamata ya sayi lafiyarsa da minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Wanda bai saba ba ya fara da minti 10 a ƙasan awo, ya riƙa ƙarawa mako bayan mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ana iya sauka daga kabu-kabu tun da sauran tazara a ƙarasa da ƙafa. Ana iya raba tafiyar biyu, rabi da safe rabi da marece.

Mata su ne suka fi samun cikas, don an ɗauka ƙiba ado ce, kuma matar aure da aka gani tana sauri a hanya sai a fara tambaya ko lafiya. Wannan tunani ya kamata ya canja. Ƙungiyoyin adashi da suke iya tara jari kowane mako suna iya tara mata biyar ko shida su zaga unguwa da sassafe, da hijabinsu da mutuncinsu. Wadda ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta: daka, shara da sauri, zagaye, duk suna shiga lissafi muddin bugun ya hau ya kuma daɗe. Magidanta kuma su ba da izini, su ma su bi sahu. Kuɗin takalmin tafiya bai kai kuɗin kwana guda a gadon likita ba.

Muna kira ga magadan gari a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai da su buɗe filayen wasa da sassafe, su ware wa mata lokacinsu. Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa cikin kasuwa lokaci zuwa lokaci suna awon tansiyo, suna nuna wa mutane inda ake ɗora yatsa. Abin minti biyar ne, wanda ya koya kuma zai koya wa maƙwabcin rumfarsa.

Zuciya tana bugawa wajen sau 100.000 a kowace rana, ba ta da ranar hutu, ba a kuma sayen sabuwa a Kantin Kwari ko a Dubai. Wanda yake ƙidaya cinikinsa kowane dare kafin ya rufe rumfa, ya ba ta sakan 15 ita ma. Gobe da asuba a gwada. Lafiya uwar jiki, Allah ya ba mu ita, ya sa albarka a kasuwa.