Yabon gwani ya zama dole

A watan Maris na 2020, da cutar korona ta shigo, an rufe lakwal a Nijar baki ɗaya, ba a sake buɗewa ba sai farkon Yuni. Uwaye suka wayi gari ga ɗiya cike da gida, ga littafi a ajiye, babu mushe. Waɗansu suka ce karatu ba aikinsu ba ne, suka bar yara da yawon gari. Waɗansu ko suka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, suka ce a kawo allo. In an bincika, sai a tarar galibin waɗannan ba su tashi su kaɗai ba. Akwai wanda ya leƙo ya ƙarfafa musu zuciya, ya gwada musu ta inda za a fara. Irin waɗannan bayin Allah ne ya kamata a yaba wa yau, don ba safai ake tunawa da su ba.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ɗiyar Shehu Usman ɗan Fodiyo, ta lura matan karkara ba su da halin barin gidajensu su tafi neman ilimi. Sai ta tsara ƙungiyar Ƴan Taru cikin shekarun 1830. Ta zaɓi dattijan mata amintattu da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani don a san matsayinta. Jaji takan jawo ƴan mata ƙanana da tsofaffi zuwa wurin Nana, su hardace waƙoƙin da ta tsara, su koma ƙauyukansu su bi gida gida suna koya wa matan aure. Ta haka ilimi ya iske uwa a ɗakinta, ita kuma ta miƙa ma ɗiyanta. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin, bai mutu ba.

Hikimar jaji ita ce ba ta karɓe tarbiyyar yaro daga hannun uwa ba. Uwar ta ƙarfafa, har ta yarda ita ma tana da abin bayarwa. Wannan yarda ita ce ta yi ƙaranci a gidaje da yawa yanzu. Uwa takan ce ba ta shiga lakwal ba, ba ta jin Faransanci, mi za ta koya ma yaro? Alhali tana iya tsai da lokacin tilawa bayan magariba, ta koya ƙirga da tsakuwa ko ƙwayar gujiya, ta sa yaro ya karanta mata abin da ya rubuta, ya fassara mata da Hausa. Yaron da ya iya fassarawa, ya gane.

Jajin zamanin nan suna nan cikin unguwanni: tsohon mushe da ya bar aiki amma bai rufe zaurensa ba, ɗalibar kwaleji mai zama da ƙannen maƙwabta, ma'aikacin rediyo mai keɓe wa uwaye fili. Yawancinsu ba su karɓar ko dala.

Lalle gida ba zai maye gurbin lakwal ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma inda rashin kwanciyar hankali ya rufe aji, ko nisa ya hana yarinya zuwa, tsakar gida ce ta rage. Saboda haka wajibi ne sarakuna da masu unguwanni da ƙungiyoyin uwayen ɗalibai su nemo waɗannan mutane, su ambace su gaban jama'a, su taimaka musu da alli da littattafai. Nana Asma'u ta san abin da ya sa ta ɗora ma jaji malfa. Yaba kyauta tukuici.